Koren Fasfon Goggo

Har yau, idan wani a garin nan ya ce zai tafi Chana, na ji jama'a sun taso masa da shawarwari, ba na iya zama a wurin. Nakan miƙe in shiga kicin in kama wanke-wanken da ba wanda ya sa ni. Mutanenmu na Maryland da Virginia ba abin da suke so irin ba da shawarar tafiya. Wanda bai taɓa taka ƙasar ba shi ne zai fi kowa ɗaga murya. Wannan ya ce kada ka ci nama, wancan ya ce kada ka yarda a ɗauke ka hoto, wata ta ce ai mutanen can ko gaisuwa ba sa amsawa. Ni na je, na dawo, kuma shawara ɗaya da na bi ita ce ta jawo mini abin da nake nadama har gobe.

Aikina harhaɗa magani ne a wani asibiti, shi ya sa mutanenmu suke ce mini Dokta. Muna zaune a Silver Spring a Amurka, ni da maigidana da yara biyu. A shekarar da nake magana, wurin aikina suka tura ni taron kwana huɗu a birnin Hangzhou na ƙasar Chana. Ba taron ne ya sa na yi ta rawar jiki ba, Goggo ce.

Goggo yayar mahaifina ce. Ita ta ɗauke ni ina 'yar shekara huɗu, bayan rasuwar mahaifiyata. A bayanta na yi barci, a cinyarta aka yi mini kitso, ita ta tsaya kai da fata sai da na yi karatu. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai ta ce Uwata. 'Yar kasuwa ce ta gaske. Kuloli da filasai da tukwane take sarowa daga Guangzhou ta kai Kano, ta fi shekara ashirin tana wannan zirga-zirga. A lokacin, shekara shida ke nan rabona da ita, yarana kuwa sai a waya take ganinsu. Burina ɗaya ne, ta zo Amurka ta zauna da mu ko na wata shida ne, yaran nan su san matar da ta raini uwarsu. Duk sanda na yi mata maganar a waya sai ta ce, "Me zan je yi garin da ba wanda ya san ni?" Da na ji tafiyarta ta zo daidai da tawa, sai na ce to, wannan karon ido da ido zan roƙe ta, in ga ta inda za ta kuɓuce mini.

Ita cewa ta yi in gama taron in same ta a Guangzhou. Tana da masauki wurin wata tsohuwa 'yar ƙasar da ta san ta shekara da shekaru, ga masallaci kusa, ga mai sayar da shinkafa da miya irin ta gida. Na ƙi. Na ce ita za ta hau jirgin ƙasa ta same ni, akwai ɗaki mai gado biyu a babban otal. Gaskiyar magana, so nake in nuna mata abin da wahalarta ta haifar. So nake ta taka dutsen nan mai sheƙi, ta danna ƙararrawa a kawo mata shayi, ta koma Kano ta ba da labari.

Ana saura mako ɗaya in tashi, ranar Asabar da rana, muka je Wheaton sayen daddawa da kuka. Mai shagon wani Alhaji ne ɗan Kano, wanda ban da shagon yake shigo da kaya daga Chana. Shi ne malamin kowa a kan ƙasar. In dai za ka je, sai ka bi ta gabansa ya karanta maka.

"Dokta, na ji an ce Chana za ki."

"In Allah ya yarda, Alhaji."

Ya ajiye abin da yake aunawa, ya gyara tsayuwa. Ya ce in tafi da yajina, in tafi da 'yar butata, in sa manhajar fassara a waya tun daga nan, fasfo kuma kada ya bar jikina ko bayan gida zan shiga. In zan ci abinci in nemi shagon da masu fararen huluna suke jan taliya da hannu, Musulmi ne. Duk wannan ba laifi, har ina gyaɗa kai. Sai ya tambaye ni ko ni kaɗai ce. Na ce masa Goggona za ta same ni daga Guangzhou.

"Wane fasfo gare ta?"

"Na gida mana."

Ya ja tsaki, ya girgiza kai. "To nan gizon yake. Ke naki shuɗi ne, na Amurka, suna gani za su washe baki. Nata kore ne. Wasu otal ɗin da sun ga kore sai su ce ɗaki ya ƙare, ko su ce ba su da izini. Amma akwai dabara." Ya rage murya kamar mai ba da laƙani. "Ki ce 'yar aikinki ce. Ki bar ta da jakunkuna ta tsaya a baya. Ba'amurkiya da 'yar aikinta, wa zai hana su ɗaki?"

Na ji kamar ya watsa mini ruwan kwata. Na ce, "Haba Alhaji! Matar da ta goya ni? Wannan ai ba shawara ba ce, cin mutunci ne."

Ya yi dariya. "Dokta ke nan. Maganar minti biyu ce fa. Da Turanci za ki faɗa, ita ina za ta ji?"

Ko sallama ban yi masa ba na fito. A mota na cika maigidana da faɗa tun daga Wheaton har ƙofar gida. Na ce ka ji mutumin banza, da furfurarsa da carbinsa. Na ce wallahi gara mu kwana a bakin titi ni da Goggo da in buɗe baki in faɗi wannan ƙazamar magana. Maigidana bai ce komai ba sai, "Allah ya sa ba za a kai ga haka ba."

Na isa Hangzhou da kwana ɗaya kafin ita, na kwana a wani ƙaramin otal kusa da filin jirgi. Washegari da azahar na je tashar jirgin ƙasa tarbar ta. Tun daga nesa na hango ta cikin dubban mutane, da mayafinta ruwan goro, tana jan akwati da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da wata ƙatuwar jaka mai zanen dara. Ta tsufa. Wuyanta ya yi siriri, tafiyarta ta ragu. Na ruga na rungume ta ina kuka kamar yarinya.

"Uwata, kin yi ƙiba," ta ce. "Sakar ni kada ki karya ni."

Na karɓe jakunkunan duka biyu tun kafin ta yi magana. A gidanmu ba a taɓa ganin babba da kaya yaro yana tafe hannu sake ba. Ita kanta Goggo ta taɓa zane ni a kan haka, ranar da na bar wata tsohuwar maƙwabciyarmu da tulu na wuce da gudu. Jakar mai zanen dara kamar dutse. Kilishi ne a ciki, da dambun nama, da garin kunu, da ɗinkunan yara, duk tun daga Kano ta yi dakonsu saboda mu.

Mutane kuwa sun tsaya kallonmu. Wasu sun ɗaga wayoyi suna ɗauka ba ko tambaya. Wata mata ta matso ta shafa bayan hannun Goggo, ta duba yatsunta. Raina ya ɓaci, na fara hararar su ɗaya bayan ɗaya. Goggo kuwa sai ta kama hannun matar ita ma ta shafa, ta duba nata yatsun, ta yi mata wata magana da yarensu. Matar ta fashe da dariya har tana dafa kafaɗar Goggo.

A cikin tasi ta ce mini, "Ki daina shan kunun nan. Mutanen nan iri-iri ne kamar na ko'ina. Mai kallo bai taɓa gani ba ne, ki bar shi ya ƙoshi. Wanda ya toshe hanci in kin zauna kusa da shi, wannan ɗan iska ne, shi ma ki wuce abinki. Akwai kuma wanda zai bar shagonsa ya raka ki har inda za ki." Ita ta yi wa direban kwatance, ita ta yi masa ciniki, har suna raha. Ni mai takardun digiri ina zaune riƙe da waya kamar kurma.

Ana yayyafi muka isa otal ɗin. Ƙasa tana ɗaukar ido, fitilu suna reto daga sama, wani ƙamshi yana tashi. Na saci kallon Goggo na ga tana ɗaga kai tana dubawa, na ji daɗi har cikin raina. A gefe guda kan kujeru na hango abokan aikina biyu, Turawa, mace da namiji, suna shan kofi. Suka ɗago mini hannu, na ɗaga musu.

Yarinyar da ke kantar karɓar baƙi ta karɓi fasfona da hannu biyu, tana murmushi tana sunkuyar da kai. Ta danna na'ura, ta ce an ga sunana, ɗaki mai gado biyu. Sai na miƙa mata na Goggo. Murmushin ya ɗauke kamar an kashe fitila. Ta riƙe shi da yatsu biyu, ta juya gaba, ta juya baya, ta shiga ciki. Ta dawo da manaja, wani siririn mutum da baƙar kwat. Ya yi magana a cikin wayarsa ya juyo mini da fuskarta. An rubuta wai ba su da izinin saukar da baƙo daga wannan ƙasa. Na ce ya nuna mini inda aka rubuta dokar. Ya sake magana a wayar. Wannan karon wai ɗakuna sun cika. Na ce wane ɗaki kuma, ga nawa nan mai gado biyu? Sai ya dubi Goggo tun daga ɗankwali har silifas, a hankali, irin kallon da ake yi wa abin da kare ya jawo cikin gida. Kai, mutumin nan ya ba ni ƙyama. Har yau in na tuna siririn bakinsa sai in ji yawu ya taru mini.

Goggo ta taɓa ni. "Uwata, mu tafi. Na san irin wannan. Akwai ƙananan masauki kusa da tasha."

Abin da ya kamata in yi ke nan. In karɓi fasfo biyun, in ɗauki kayanmu, mu fita cikin yayyafin. Amma layi ya fara taruwa a bayanmu. Baturiyar nan abokiyar aikina ta ajiye kofinta tana leƙowa, alamar za ta taso ta tambayi abin da ke faruwa. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, da babu su biyun nan a wurin, da na tayar wa manajan nan da hankali har sai an kira 'yan sanda. Kunyarsu na ji. Ban so su ga an kore ni daga otal kamar mai cutar ƙyanda ba.

Manajan ya sake juyo mini da wayar. Tambaya ce: mece ce ita a wurinki?

Na buɗe baki na faɗa. Da Turanci na faɗa, da ƙaramar murya, da kalmar nan da kowace mace a Kano ta san ta, wadda matan manya suke kiran 'yar aiki da ita. Na ce aiki take yi mini, ita ke kula da ni.

Nan take fuskar mutumin ta saki. Ya gyaɗa kai kamar yanzu ne duniya ta koma daidai. Ya yi wa yarinyar magana, ta ɗauki hoton fasfon, ta rubuta wani abu, ta miƙo mini katin ɗaki da hannu biyu, murmushin ya dawo. Ko minti biyun da Alhaji ya ce ba a yi ba.

Na sunkuya zan ɗauki kaya, sai na tarar Goggo ta riga ni. Ta kama akwatinta, ta rataya jakar mai zanen dara a kafaɗa, ta miƙo hannu ta zare tawa jakar daga hannuna. Ma'aikacin da ya taho da keken ɗaukar kaya ya dubi manaja, ya ja da baya.

"Goggo, kawo mana."

"A'a, Hajiya," ta ce. "Wuce gaba."

Tunda aka haife ni ba ta taɓa kirana da wani abu ban da Uwata ba. Na wuce gaba. Na bi ta gaban abokan aikina hannu sake, ina yi musu murmushi, tsohuwar da ta goya ni tana biye da ni a karkace saboda nauyi. Tir da ni. Ba ni da wata kalma da ta wuce wannan.

Muna shiga ɗaki na zube a gabanta na kama ƙafafunta. Na ce ta yafe mini, na ce dabara ce kawai, wani ne ya ba ni shawara, na ce ban san za ta ji ba. Wannan ta ƙarshen ita ta fi muni, na gane haka tun kafin in rufe baki.

"Au, da ban ji ba shi ke nan?" ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. Tana warware mayafinta tana ninkewa. "Shekara ashirin ina zuwa ƙasar nan. An hana ni ɗaki. Mai tasi ya gan ni ya ƙara wuta. An taɓa tashi daga kujera don na zauna. Duk na shanye, don ba su san ni ba. Ban taɓa cewa ni ba ni ba ce don a ba ni wurin kwana. Tashi, kada ki ɓata kayanki."

Na zaci faɗa za ta yi ta huce, kamar yadda ta saba. Ina! Goggo ta ɗauki aikin da na ba ta, ta riƙe shi har kwana huɗu. Ta shimfiɗa zaninta a ƙasa tsakanin gado da taga, ta ce nan ne wurinta. Gadon nan na biyu haka ya zauna a gyare ba wanda ya taɓa shi. Na roƙe ta, na yi kuka, na ce to ni ma a ƙasan zan kwanta. Ta ce, "Kul. In masu shara suka shigo suka gan ni a gado, ai sun gane ƙarya kika yi, su kore mu." Da safe kafin in fito daga wanka ta goge mini takalmi, ta wanke mini safa ta shanya. Ba ta sauka cin abincin safe, sai ta dama kununta da ruwan zafin butar lantarki ta sha a tsaye. In na dawo daga taro ta miƙe ta ce, "Sannu da zuwa, Hajiya." In mun fita tana bayana da taku uku. In na tsaya, ta tsaya. Da duka ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

A rana ta uku da yamma muka shiga wani shagon taliya na masu fararen huluna. Ƙaramin wuri ne, tebur biyar, ga tururi, ga ƙamshin naman rago. Mai shagon wata dattijuwa ce da ɗankwali. Tana ganin Goggo ta yi mata sallama irin tamu, ta jawo mata kujera mai jingina, ta goge da gefen rigarta. Ita ta fara kawo wa kwano, da hannu biyu, ta ƙara mata nama ba a tambaya ba. Sannan ta nuna Goggo, ta nuna ni, ta ce, "Mama?"

Goggo ta juyo ta zuba mini ido.

Na ce eh da ƙarfi. Na ɗauko waya na faɗa mata ta fassara, na ce uwata ce, ita ta raine ni, ba ni da kowa sama da ita. Dattijuwar ta dafa ƙirji, ta ɗaga mini babban yatsa, ta koma wajen tukunyarta.

Goggo ta ɗauki cokali ta kurɓi romon. Ta ce, "Nan ba abin da za a hana ki."

Maganar zuwa Amurka, wadda saboda ita na tsara komai, ko sau ɗaya ban iya ɗauko ta ba. Da wane bakin? Ranar rabuwa a tasha ta dafa kaina ta sa mini albarka kamar kullum, ta ce in gaida maigida, in shafa mata kan yara. Ta shiga jirgi ba ta waiwayo ba.

Da na dawo gida mutum ɗaya na faɗa wa, maigidana. Shi kuma, bawan Allah, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya haɗu da Alhaji, Alhaji ya tambaye shi yadda tafiya ta kasance, maigidan ya ce masa an sha wuya a otal amma shawarar Alhajin ce ta fisshe mu. Wai shi godiya ya yi. Kwana biyu ban yi wa maigidan nawa magana ba.

Bayan kamar wata biyu aka yi suna a Springfield. Gida ya cika, maza a falo, mata a kicin da tsakar gida ta baya, yara suna guje-guje suna ihu da Turanci. Na shigo falon ɗauke da farantin waina, sai na tarar an kewaye wani matashin likita. Zai je Shanghai taro, kuma mahaifinsa zai same shi daga Kaduna don a duba masa ido. Alhaji yana tsakiya ya baje babbar riga, yana karatun da ya saba. Yaji, buta, fararen huluna. Yana ganina ya tafa hannu.

"Yawwa, ga shaida ta zo! Dokta, gaya masa. Ba ke kika yi mini tsiya a shago ba? Da aka je can, dabarar wa ta yi aiki?" Ya juya wajen likitan. "Kai naka ma ya fi sauƙi. Ka ce tsohon direbanka ne."

Aka yi dariya. Manyan mutane, injiniyoyi da malaman jami'a, masu sallah a sahun gaba, suna dariya a kan mutum ya kira ubansa direba. Na dire farantin har waina biyu suka faɗo. Na manta da furfurarsa, na manta gidan mutane nake. Na ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Wannan shawarar taka najasa ce. Su can sun raina mu don ba su san mu ba. Kai da ka san mu, kai kake koya mana mu raina iyayenmu don a ba mu katin ɗaki. Ba ka ji kunya ba?"

Alhaji bai ko motsa ba. Ya ɗauki waina ɗaya daga cikin waɗanda suka faɗo kan tebur, ya tsoma a miya.

"Ni faɗa na yi, Dokta," ya ce. "Ke kika yi."

Gaskiya ya faɗa. Na juya wajen likitan na ce masa, "Ƙanena, in sun hana shi ɗaki, ka ɗauki jakarsa ku fita tare." Ya ce, "To, Anti, na gode," cikin ladabi. Amma na ga babban yatsansa yana tafiya a kan waya. Washegari wani ya tura jerin shawarwarin tafiya Chana a zauren wayar da mutanenmu suke haɗuwa. Dabarar 'yar aikin tana nan ta huɗu, tsakanin buta da katin jirgin ƙasa, an rubuta cewa wata 'yar'uwa ta gwada an dace. Mutane suna ta turo addu'ar Allah ya saka da alheri.

Duk wannan lokacin ina kiran Goggo kowace Lahadi. Tana ɗauka, tana tambayar yara, tana ba ni labarin wanda ya yi aure da wanda ya rasu. Ta koma ce mini Uwata. Sai na ɗauka abin ya wuce. Da bazara ta kama na gyara ƙaramin ɗakinmu, na sayi katifa mai kyau da labule, na zauna na rubuta takardar gayyata ta neman biza. A inda ake faɗin dangantaka na rubuta komai dalla-dalla, yayar mahaifina, wadda ta raine ni, uwa a gare ni. Sai da na karanta sau uku kafin in kira ta.

Muka gaisa. Na ce, "Goggo, takarda ce zan turo miki. Ina so ki zo ki ga yaran nan. Ɗakinki ma na gyara."

Ina jin hayaniyar kasuwa a bayanta, wani yana cinikin kula.

"Allah ya yi miki albarka, Uwata," ta ce. "Can ma akwai masu tambaya a bakin ƙofa?"

"Akwai, Goggo, amma ba irin wancan ba ne. Wallahi ba zan sake ba. Na rubuta a takardar, bari in karanta miki."

"A'a, bar shi, na yarda kin rubuta." Muryarta ba fushi ko kaɗan. "Ni dai na tsufa ne. Kafaɗata ba ta ɗaukar kaya kamar da. In aka tsare ki a can kuma abin ya zo miki a bazata, ba zan iya taimakonki ba."

Na kira ta sau biyu, Goggo, Goggo. Ta ce in ba ta yaran su gaisa. Na miƙa wa babbar 'yata wayar, na shiga ɗakin da na gyara na zauna a bakin katifar, ledarta ma ban cire ba. Ina jin 'yata a falo tana amsa mata da Turanci, Goggo tana maimaita tambayar a hankali. Shekara uku ke nan, ba ta zo ba.